Sunan da ke kan gita ba shi ne ke kaɗa ta ba

Yau muna da magana da samarinmu da ƴan matanmu masu sha'awar kiɗan gita, daga Maraɗi da Damagaram har Tawa da Yamai. Yaro ya yi wata shida ko shekara yana tara kuɗi, ranar saye sai ya ce shi dai Fender ko Gibson yake so. Ɗan kasuwa kuwa ya ji abin da yake so, sai ya miƙo mishi jabu mai ɗauke da sunan. Bayan wata uku wuya ya lanƙwashe, yatsu sun gaji, gita ta koma rataye a bango. Kuɗi sun tafi, sha'awar kiɗin ma ta mutu. Wannan asara ce da za mu iya kauce mata.

Mu duba gida tukuna. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da kansa ya ƙera gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma ta wayoyin salula waƙoƙinsa suka zagaye Sahel tun kafin Turai da Amurka su san shi. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad da gitar yayanta ta koya. Bombino na Agadas kuwa faifansa Deran ya shiga takarar Grammy a 2019. Duk hannu suka fara gyarawa kafin kayan tsada su zo.

To me ya kamata mai saye ya duba? Wuya ne farko. Ɗaga gitar ka hango wuyanta kamar mai duba sanda, in ya karkace ka aje ta ko da kyauta ce. Sai tazarar tsirkiya da ƙarafan wuya: a ƙarfe na 12 kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, in ta fi haka yatsu za su sha wahala. Ka kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a danne a ƙarfe na 12. Murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun ta fi siriri kawai. Ka murɗa kunnuwan saiti ka ga ko suna riƙewa. Yamaha F310 ko C40 ta gaskiya, ko Pacifica, ko Squier wadda kamfanin Fender ne da kansa ke yin ta don masu ƙaramin ƙarfi, ko da ta hannu ce, ta fi jabun da ke ƙyalli nesa ba kusa ba.

Sai ampili, inda aka fi ƙona kuɗi. Kuran ɗinmu 220 ne, kayan da ke zuwa daga Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne. In ka jona ba taransifo, ka gama da shi nan take. Ka karanta bayan ampili kafin ka biya. Mai koyo a ɗaki wat 10 zuwa 20 sun ishe shi, kuma ya fi kyau ya nemi mai aiki da batir, irin Roland Micro Cube, don ɗaukewar kuran ba ta hana shi atisaye. Mai zuwa buki a fili da gurup, shi ke buƙatar babba, kuma ya haɗa da regilato saboda hawa da saukar wuta. Ampili mai fitilu a ciki muryarsa da daɗi, amma ga nauyi ga zafi, ba ya son hanyar laterit, kayan gyaransa kuma sai an aiko daga waje. Mai taransisto ya fi dacewa da mu.

Ɗan roban kaɗi, wato mediyato, ba abin tada hankali ba ne. Mai kauri kamar milimita 0,7 ya isa a fara da shi, kuma da yawa cikin makaɗan Abzinawa da yatsa suke kaɗawa. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne tsirkiyoyin ajiya da jakar gita. Hunturu yana busar da katako har ya tsage, zafin watan Afrilu kuma yana sassauta gam, ƙura tana shiga maɓallan ƙara murya su riƙa ƙarar-ƙarar. Kada a bar gita a rana ko cikin mota a rufe.

Wani zai ce ai kaya mai suna shi ke sa a kira ka buki, masu hidima ido suke bi. Akwai gaskiya a ciki, mun sani. Amma amarya da ƙawayenta ba su karanta abin da ke rubuce a kan gita, abin da kunnensu ya ji shi suke rawa da shi. Gitar da ke sauka daga saiti a tsakiyar waƙa ita ke hana a sake kiranka.

Shawararmu ita ce: in kana da jika 100, kada ka zuba su duka a kan gita. Ka ware na tsirkiya da waya mai kyau da jaka, ka bar wani abu na mai gyara. Ranar saye kuma ka tafi da wanda ya iya kiɗi ya gwada maka. Manyan makaɗanmu, ku ma da hakki a kanku: ku riƙa raka ƙannenku kasuwa, ku koya musu canjin tsirkiya da saitin wuya.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma tsare mana guminmu.