Malanville: Maganin Da Muke Zuba Wa Wake, Cikin Wa Yake Shiga?

Babu ɗan kasuwar hatsi tsakanin Kamba da Gaya da Malanville da bai san abin da ake yi wa buhun wake ba idan ana son ya kai bazara. Kowa ya sani, faɗi ne dai ba a yi. Ana shimfiɗa tamfol a cikin sito, a zazzage waken, a yayyafa masa fiya-fiya ko wani ruwan magani da aka sayo a kwalbar da ko suna ba ta da shi, a cuɗa, a mayar buhu a ɗinke. Wasu kuma ƙwayar nan da ake kira bom suke cusawa tsakiyar buhu tsirara, ba ko ƙyallen da za a naɗe ta. Bayan 'yan watanni farashi ya ɗaga, a fito da kaya fes babu huda ko ɗaya, mai saye ya duba ya yaba ya biya. Daga nan sai kaskon mai ƙosai da tukunyar mai alale da ta mai garau-garau a bakin tasha, inda yaran shagonmu da direbobinmu, kai har mu kanmu, muke karya kumallo.

A kan wannan nake so mu yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwar bakin iyaka. Ana yawan kiran taro a kan kare muhalli da abinci mai lafiya, a raba riguna da huluna, a ɗauki hoto a watse. Ba na raina masu wannan ƙoƙari. Amma a ganina duk maganar da ba ta iso sito da rumfa ba, ba ta iso ko'ina ba, kuma waɗanda za su iya kai ta can su ne ƙungiyoyinmu na kasuwa.

Malanville ba ƙaramar kasuwa ba ce. A Jamhuriyar Benin, in an cire Dantokpa ta Kwatano, ita ake fara ambata. Masara da garin rogo da doya suna haurowa daga kudu, tafiyar fiye da kilomita 700 daga bakin teku, albasa da wake da dabbobi suna gangarowa daga arewa, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarbawa duk a nan suke haɗuwa. Buhun da aka ɗinke a nan yana iya ƙarewa a Dosso ko Yamai ko Birnin Kebbi ko Paraku. Saboda haka abin da aka zuba masa a sito ɗaya, ƙasashe uku ne za su ci shi. Mun kuma ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, lokacin da aka toshe gada, manyan motoci suka yi layi, kaya suka yi makonni a rana da ruwa, wasu suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale. Duk lokacin da kaya suka daɗe a ajiye, hannun mai kaya sai ya ƙara kusantar kwalbar magani, domin yana kallon jarinsa yana zama gari a bakin ƙwari.

Wannan yanki kuwa ya riga ya ɗanɗana. Jihar Alibori, inda Malanville take, ita ce cibiyar noman auduga a Benin, musamman wajen Banikoara da Kandi, kuma inda ake noman auduga nan maganin feshi yake yawa. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, bayan an dawo da wani magani mai suna endosulfan, an ƙidaya mutum aƙalla 37 da suka rasu a arewacin ƙasar. Da yawansu ba wajen feshi suka gamu da ajalinsu ba, a akushi ne: an fesa wa kayan abinci ragowar maganin auduga, ko an zuba ruwan sha da abinci a galan ɗin da maganin ya ƙare. Benin ta haramta shi a 2008, duniya ma ta bi baya a 2011. To amma haramta suna ɗaya bai rufe ƙofa ba. Har yanzu ana samun magungunan gona a kan tebur a kasuwanninmu, kusa da mai sayar da magi da gishiri, an juye su a ƙananan kwalabe, mai sayarwa bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba, mai saye kuma ya auna da ido.

Wanda ya ci irin wannan abinci yakan fara da jiri da zufa da dalalar yawu, sai amai da gudawa. A gida a ce kwalara ce, ko a ce sammu ne, a fara zargin kishiya ko maƙwabci. Ba kasafai ake tunawa da kwanon waken da aka awo jiya ba. Ita kuwa ƙwayar bom hayaƙi take fitarwa mai kisa, an yi ta ne don sito rufaffe da ba kowa a ciki, a hannun wanda aka koya wa aikin. Mu kuwa sai a jibge buhuna a ɗakin da yara suke kwana.

Wanda bai ji tsoron wannan ba, to ya duba aljihunsa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, kuma a 2016 aka tsawaita hanin. Masu laifin ƙila ba su da yawa, amma ƙasa guda aka rufe wa ƙofa, mai gaskiya da mai algus duk tare. A ƙarshen 2018 ma, da labarin masu zuba wa wake Sniper ya bazu a Nijeriya har hukumar NAFDAC ta fito ta yi gargaɗi, matan birni da dama sun ɗauke ƙafa daga rumfar wake. Kasuwa suna ce. Ranar da aka fara cewa waken Malanville yana kwantar da mutane, babu dillalin da zai iya wanke mu.

Na san abin da Alhaji mai sito zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce mai saye ne yake tilasta masa: idan ya ga huda biyu a tafin hannu sai ya karya farashi ko ya wuce rumfar gaba, inda aka zuba magani. Gaskiya ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idon mai saye yana saka wa mai guba da alheri, yana hukunta mai tsoron Allah. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake cewa mutum ɗaya ba zai iya bari shi kaɗai ba, sai an bari tare, layi guda, a rana guda.

Kuma ba a ce a bari a zauna hannu rabbana ba. Akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwadawa tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma masu bincike na INRAN a Maradi suna cikin waɗanda suka yi aiki sosai a kansa. Yadda yake aiki ba wani sihiri ba ne. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba ɗigon magani, kuma ranar da aka kwance ana iya ɗora tukunya. Idan an kiyaye shi daga ɓera da kaifi, aka ɗora shi a kan katako, buhu ɗaya yana yin kaka fiye da ɗaya. Durom ɗin ƙarfe mai murfin da ba ya shan iska shi ma haka yake aiki, in dai ba wanda aka taɓa zuba mai ko magani a ciki ba ne.

Matsalarsa biyu, kuma gara a faɗe su. Ya fi buhun da muka saba tsada. Sannan al'adarmu ta soka wa buhu ƙarfe don a ga samfur tana kashe shi nan take, domin da zarar ledar ta huje, aikin ya lalace. Ta farko ana rage ta idan ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saro da yawa daga wurin dila, maimakon kowa ya sayi ɗai-ɗai a hannu na uku, inda jabu ma yake shigowa. Ta biyu kuwa magana ce ta yarda: a buɗe buhu ɗaya a gaban shaida, sauran a karɓe su da lamunin ƙungiya da alamarta a jiki. Mu da muke ba da kayan miliyoyin sefa bashi da baki kawai, ba takarda, a kan amanar mai masauki, wannan ba zai gagare mu ba.

Jandarma da ɗan duwan da ma'aikacin magajin gari ba sa kwana a sito. Amma shugaban 'yan hatsi ya san wanda ya sayi magani, 'yan dako sun san buhun da ke sa su tari da hawaye, mai ɗinkin buhu ya fi kowa sani. Ƙungiyar da take iya hana mutum ciniki saboda ya ci bashi bai biya ba, ko ya ƙwace wa ɗan uwansa baƙo, tana iya hana shi saboda ya zuba wa abinci guba. Limamanmu kuma sun san hukuncin algus a ciniki, kuma ban ga algus ɗin da ya kai wannan ba. Huɗuba ɗaya a farkon kaka za ta yi aikin da allunan sanarwa goma ba za su yi ba.

Idan ana neman misali, ba sai an je nesa ba. A fadamar shinkafa ta Malanville, mai fiye da hekta 500, manoma a ƙungiyance suke raba ruwa. Matan da suke turara shanshera kuma, tun da cibiyar AfricaRice ta kawo sabuwar tukunyar turara da ake kira GEM a Glazoué da Malanville tsakanin 2015 da 2016, sun nuna cewa ana iya fitar da shinkafa mai tsabta, ba ƙuna, da itace kaɗan, hayaƙi kaɗan. Mace ɗaya ba za ta iya mallakar irin wannan kayan aiki ba, a ƙungiya suka same shi. Abin kunya ne a ce mu maza masu jari mun kasa abin da suka iya. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu sayi shinkafar tasu mu ba ta wuri a gaban rumfa, maimakon mu ɓoye ta bayan ta waje.

Sai maganar leda, wadda ita ma daga hannunmu take fita. Benin tana da doka tun 26 ga Disamba, 2017 da ta hana shigowa da sayarwa da amfani da ledar da ba ta ruɓewa, Nijar ma ta yi tata tun 2014. Wanda ya zaga kasuwa da yamma bayan an watse shi zai faɗi inda dokokin suka tsaya. Ba zan ce leda ce take kawo ambaliya ba, wannan aikin kogi ne, kamar a 2010 da ruwa ya shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar, Malanville da Karimama suna cikin waɗanda suka ji jiki. Amma idan ruwa ya shigo gari, leda ce take toshe masa hanyar fita, ya kwanta ya haifi sauro. Mahauta kuma su faɗa mana abin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya. Ga koko da miya mai zafi da ake ƙulla wa yara a cikinta. Wani zai ce ai buhun PICS ma leda ne. Haka ne, amma akwai bambanci tsakanin ledar da za ta tsare kilo 100 na abinci shekara biyu ko uku da wadda za ta ɗauki tumatir na dala biyar minti goma a jefar.

Sharar kasuwar kanta rabinta dukiya ce. Ruɓaɓɓiyar albasa da ganye da kashin dabbobi na kara, in an ware su daga leda aka tara a rami, taki ne da masu lambu a bakin kogi za su aiko da amalanke su kwasa. Abin da ake bukata shi ne 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane buhu, a riƙa biyan matasa masu shara washegarin kasuwa, kuma a karanta lissafin a bainar jama'a, domin abin da yake kashe irin wannan asusu a wurinmu sananne ne. Itatuwan da ake dasawa ranar 1 ga Yuni a Benin da 3 ga Agusta a Nijar kuwa, a daina barin su marayu. A ba kowane mai rumfa ko mai shayi nasa guda, ya kewaye shi ya ba shi ruwa, tunda shi zai sha inuwar.

Amma a fara da wake. Kafin sabon wake ya shigo a kaka mai zuwa, shugabannin 'yan hatsi na Malanville su kira takwarorinsu na Gaya da Kamba, ko ta waya ce in hanya ta yi wuya, a zauna da dillalai da masu masauki da shugaban 'yan dako. A tsayar da abu uku kawai: tarar wanda aka kama ya zuba wa abinci maganin feshi, wanda zai saro wa ƙungiya buhun ajiya, da kuma nisan da za a sa tsakanin teburin mai maganin ƙwari da layin masu abinci.