A RUBUTA SUNAYEN MAZAN JIYA NA ADJAMÉ TUN DA SAURAN MASU TUNAWA

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke sauke kaya a Adjamé Mairie, ko masu shaguna a Treichville, jikoki ne na mutanen da suka yi yaƙin Hitila. Wasu an ɗebi kakanninsu daga Maradi, Damagaram da Tawa aka sa musu kakin Faransa, wasu kuma daga Kano da Katsina aka kai su Bama a ƙarƙashin Ingila. Abin takaici shi ne, in ka tambayi jikan lambar sojan kakansa ko rundunar da ya yi, sai ya ce takardar tana cikin wata adaka a gida, in ma gara ba ta cinye ta ba.

Mun ɗauko wannan magana ne saboda abin da ya sha samun duk wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar wani. Lokacin da Jamus ta mamaye Cekoslobakiya a 1939, sojojinta sun yi gudun hijira, suka yi yaƙi a ƙarƙashin kwamandojin Ingila, har da garin Tobruk na Libiya a 1941. Da suka koma gida, gwamnatin gurguzu da ta hau mulki a 1948 ta ɗaure da dama daga cikinsu. Amma an adana sunayensu, shi ya sa bayan 1989 aka iya maido musu da martabarsu.

Kodebuwa ma ta ga irin wannan hijira. A 1940 Faransa ta faɗi, masu mulkin mallaka a nan suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. A watan Janairun 1942 Sarkin Abron, Kouadio Adjoumani, ya bar ƙasar Bonduku da dubban jama'arsa ya tsallaka Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya mara wa Janar de Gaulle baya. Bonduku kuwa ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Fataken goro sun san hanyarta tun kafin Bature ya ja iyaka.

Me aka saka wa baƙaƙen sojoji da shi? Bayan sun sauka a kudancin Faransa a watan Agustan 1944, sai aka janye su daga fagen daga, aka maye gurbinsu da fararen fata. Ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa waɗanda suka nemi kuɗinsu wuta. Faransa ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi suka ce adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 Shugaba Macron ya amsa cewa kisan gilla ne. A 1959 aka kafa dokar da ta daskarar da fanshon sojojin Afirka, ta yadda tsoho a Abijan yake karɓar ɗan abin da bai kai rabin na takwaransa na Faris ba. Sai a 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta ce wannan bai halatta ba, aka daidaita a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Na ɓangaren Ingila ma ba ta canja zani ba: a Ankara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, an harbe mazan jiya uku da suka fito neman haƙƙinsu.

A ganinmu, jiran wata gwamnati ta tattara mana wannan tarihi ɓata lokaci ne. Muna kira ga sarakunan Hausawa na Adjamé da Treichville, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su buɗe littafi guda: sunan soja, garinsu, shekarar da aka ɗauke shi, da lambarsa. Lambar ita ce mabuɗi, domin da ita ake neman fayil a ma'ajiyar takardun soja da ke garin Pau a Faransa. Masu hawa da sauka tsakanin Abijan, Nijar da Nijeriya su ne suka fi kowa damar ɗauko hoton takardun da waya. Lambobin yabon da ke hannun iyalai kuwa, kada a sayar wa dillalan kayan tarihi, ko nawa suka taya.