WAI ƊANƊANO NE KAWAI!

Ya ku jama'ar zango, akwai wata magana da ta zo zauren Limam har sau biyu a watan nan, mun ga shiru ba namu ba ne.

Wani saurayi ɗan unguwarmu, mai aiki a birnin Ankara can bakin teku, abokinsa ya kai shi wani gida inda ake jera ƙananan kofuna a kan katako, kowanne da irin giyarsa. Da mahaifinsa ya tsare shi, sai ya ce, "Baba, ai ba sha muka yi ba, ɗanɗano ne kawai. Tsami gare ta kamar koko."

To, mun bincika. Giyar nan mai tsami, wadda ake kira lambik, asalinta ƙasar Beljiyam ne, kusa da birnin Burasel. Da alkama da sha'ir ake dafa ta, a bar ta ta kwana a buɗe don ƙwayoyin iska su faɗa ciki, sa'an nan a zuba a gangar itace shekara 1 zuwa 3. Jama'a, mene ne wannan in ba yayar burkutu da fito ba? Koko yana da tsami, gaskiya ne, amma wa ya taɓa shan koko ya kasa gane alƙibla?

Wuski kuwa, dokar Sikotland ta ce sai ya shekara 3 a gangar itace, kuma abin da ke bugarwa a cikinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Watau akpeteshi ne aka sa wa kwat da lakataye. Tun 1962 gwamnatin Gana ta sake wa akpeteshi mara, amma iyayenmu ba su ce ya zama halal ba. Don me tsadar kwalba za ta halatta abin da araha ba ta halatta ba?

Masu cewa kofin ƙarami ne, su tuna hukuncin ya sauka a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ko likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya sun faɗa a 2023 cewa babu wani gwargwadon giya da ba ya cutar da jiki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk mashayin da muka ɗauke daga bakin kwata, da kurɓi ɗaya ya fara, kuma aboki ne ya miƙa masa.

Ba mu ce a yi gaba da kowa ba. Muna zaune lafiya da maƙwabtanmu waɗanda addininsu bai hana su ba, muna ciniki tare. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In abokinka yana son ka, ka kira shi gida ya ci tuwo, ya sha lamurje da zoɓo. In ya ce abota ba ta yiwuwa sai da kofi, to, ka san ba kai yake so ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada riba ta sa ku jera kwalaben nan a kanti ku ce ai na baƙi ne. Mai sayarwa da mai ɗauka duk suna cikin laifin.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Wassalam.

Magatakardan Limam