Jak Anketil da Ƙwayoyin Ƙara Kuzari: Laifin Wa?

Duk wanda ya bi tarihin tseren keke a ƙasar Faransa, tilas ya ci karo da sunan Jak Anketil, wanda aka haifa a lardin Normandi a 1934, ya rasu a birnin Ruwan a 1987. Shi ne mutum na farko da ya ci Tseren Zagaya Faransa har sau biyar, watau a 1957, sa'an nan daga 1961 zuwa 1964 a jere. Ya ci babban tseren Italiya a 1960 da 1964, ya ci na Sifen a 1963. A zagayayyen filin tsere ma bai bar kowa a gaba ba, domin a 1956 a filin Bigorelli na Milan ya tuƙa kilomita 46.159 cikin sa'a guda, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa.

To, amma manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba abin da ya faru a 1967. A wannan shekara Anketil ya koma Bigorelli ya tuƙa kilomita 47.493 cikin sa'a, sai hukumar tseren keke ta duniya ta ƙi amincewa da wannan bajinta, saboda ya ƙi ba da fitsarinsa a gwada a filin. Dama bai taɓa ɓoye cewa 'yan tsere na shan ƙwayoyin ƙara kuzari ba, har yana ganin jikin mutum nasa ne, ba mai ikon hana shi.

A nawa ganin, hukumar ta yi daidai. Idan aka bar gwani ya sha ƙwaya, an tilasta wa na bayansa ke nan su sha, ko su bar sana'ar. Kuma a watan Yulin wannan shekara ta 1967 ne Tom Simson, ɗan Ingila, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Bantu ana cikin tsere, aka kuma sami alamar ƙwaya a jikinsa. Ashe ke nan ba jikin Anketil kaɗai maganar ta shafa ba.

Sai dai masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1965, Anketil na gama tseren Dofine na kwana da kwanaki, aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Bordo, cikin daren nan ya shiga tseren Bordo zuwa Faris mai nisan sama da kilomita 550, ya kuwa ci. Jaridu suka yi ta kirari, masu shirya tsere da kamfanoni suka sami abin da suke so. Shin wa ya tsaya ya tambayi yadda jikin ɗan Adam zai ɗauki wannan wahala ba hutu? Mutanen da suka tafa masa a 1965 su ne suka juya masa baya a 1967.

Saboda haka, mai karatu, hukunta ɗan tsere shi kaɗai ba zai kashe wannan cuta ba. Wajibi ne a rage tsawon tsere, a ba 'yan wasa isasshen hutu, kuma duk manaja ko likitan da ya miƙa ƙwaya ya sha hukunci daidai da wanda ya haɗiye ta.