Injin watsa kashin doki: kafin ka sa kuɗinka, fara tara takin

Kwanan nan bidiyon wata 'yar tirela yana yawo a Facebook, wadda ake ɗaura wa ƙaramar tarakta a baya tana tafiya tana watsa kashin doki a fili. Wasu har sun fara tambayar yadda za a yi odarta. Ra'ayina, ga mai farawa a nan Kaduna, ba sayen injin ne a gabansa ba. Kuɗin yana cikin kashin.

Injin ba wani abin mamaki ba ne. Akwati ne mai taya biyu. Idan an ja shi, tayar ke juya sarƙar da ke ƙasan akwatin, sarƙar ta tura kashin baya, wani ƙarfe mai haƙora ya farfasa ya watsa. Ƙananan ba sa shan mai, abin da ke jansu ne ke sha. An yi shi ne don masu dawakai na Amurka da Turai, masu shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da tsadar lebura. Mu fa? Gonarmu kunya ce, lambunmu na bakin kogi a Rafin Guza da Malali fangali ne ƙanana. Ina tirela za ta juya a nan? Baro da shebur da yara biyu sun gama aikin kafin azahar.

Dawaki kuwa muna da su. Ga Kulob ɗin Polo na Kaduna a Murtala Square, ga Fifth Chukker can wajen Kangimi, ga na hawan sallah da ke ɗaure a turke cikin unguwanni. Babban doki yana fitar da kashi wajen kilo 20 a rana, wato sama da tan 7 a shekara. Ka lissafa barga mai doki goma. Ga mai barga wannan shara ce mai tara ƙuda, ga mai kukan tsadar yuriya kuwa taki ne. Ka je ka yi sallama, ka yi magana da masu kula da bargar, ku daidaita.

Amma don Allah kar ka kwaso shi ɗanye ka zuba wa tumatir. Cikin doki ba ya niƙe irin ciyawa kamar na saniya, yadda ya shiga haka yawanci yake fita, sai ka wayi gari ka shuka wa kanka aikin noma. Idan kuma an shimfiɗa garin katako a bargar, zai riƙe sinadarin naitirojin na ƙasa yayin da yake ruɓewa, ka ga masara tana yin ɗorawa. Mai doki ma da zai watsa ɗanyen a filin da dokinsa ke kiwo, ƙwayayen tsutsar ciki yake mayar masa baki. Wannan ɓangaren bidiyon ba ya nuna shi.

A nan ne mu masu kaji da kifi muka fi kowa dama. Kashin kaji yana da ƙarfi, shi kaɗai yana ƙona shuka. Na doki yana da sanyi, ga ciyawa a ciki mai buɗe ƙasa ta riƙe ruwa. Ka haɗa su: shimfiɗa ɗaya ta doki, ta kaji 'yar siririya a kai, haka har tsibin ya kai ƙugu ko ƙirji. Ruwan tarwada da kake zubarwa a kwata maƙwabta suna ƙorafi, da shi za ka jiƙa. Jiƙawa fa, ba ambaliya ba: idan ka matse a hannu ya dunƙule ba ya ɗiga, ya yi. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar za ta ɗauki zafi, ta haura digiri 55, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayayen tsutsa. Ka riƙa juyawa duk mako biyu don na gefe ya shiga tsakiya. Wata uku zuwa huɗu, ya yi baƙi, warin ya tafi. Wanda ya fara a Disamba, takinsa ya nuna kafin ruwan Mayu.

Ka sa takalmin roba da safar hannu. Cutar sarƙewar haƙora tana zama a kashin doki, ƙaramin rauni ya ishe ta.

To yaushe injin ke da amfani? Idan fili ya kai hekta da yawa, ana watsawa kafin a yi huɗa, kuma akwai tarakta. Nan kam yana rarraba taki daidai, ba tsibi nan fayau can ba. Ko a hakan ma ban ga dalilin kai dala waje ba. Manoma goma su haɗa kuɗi, su kai hoton wa maƙeran Panteka, su tambaya ko za su ƙera, sannan a riƙa ba da haya. Ni da za a ba ni kuɗin injin yau, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya zan saya, in yi yarjejeniya da barga biyu, in nemi inuwar da zan tara. Ko akwai wanda ya taɓa haɗa kashin doki da na kaji a cikinku? Ya gaya mana awon da ya yi masa aiki.