Wanda Ya Taɓa Taswirar Unguwa, Ya Faɗi Dalili

Yau da matasanmu nake, masu sa titunan unguwanninmu, masallatai da kasuwanni a taswirar OpenStreetMap. Aikinku abin yabo ne, amma akwai sakacin da ya zama ruwan dare a cikinsa, kuma bai kamata a yi shiru ba.

Ga wanda bai sani ba, OpenStreetMap taswirar duniya ce da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Kowa na iya yin rajista ya gyara ta kyauta, kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps daga gare ta suke ɗibar bayanai. Tun 2009, gyare-gyaren da mutum ya yi ana ɗaure su dami guda, kafin ya tura a ba shi gurbi ya rubuta abin da ya yi. Gurbin na ɗaukar haruffa har 255. Amma sai ka tarar mutum ya goge gine-gine, ya sauya sunan titi, sannan ya rubuta "gyara", ko ya ɗiga ɗigo ɗaya ya wuce. Gyaran me? Wa ya ce da can ba daidai yake ba?

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san illar wannan. Idan ma'aji ya rubuta "an kashe naira 50,000" bai ce a kan me ba, ranar taro ba za a kwashe lafiya ba, ko da kuwa bai ci ko kwabo ba. Taswira ma amanar jama'a ce, kuma sunanka na manne da duk abin da ka taɓa.

Mu mazauna Kudu ne abin ya fi shafa. Unguwanni irin su Sabo a Ibadan ko Agege a Legas cunkushe suke, lungu cikin lungu. Da yawa daga masu gyaran taswira ba su taɓa taka wuraren ba, hoton tauraron ɗan'adam kawai suke dubawa, wanda sau da yawa tsoho ne. Ka sa sabon masallaci ko ƙaramin asibiti, wani a Jamus ya duba hoto bai ga gini ba, ya duba bayaninka ya ga ɗigo. Me zai hana shi ɗauka ɓarna ce ya goge? Da ka rubuta "na je da ƙafata, an gama ginin bana, hoton sama tsoho ne", da ya yi tunani kafin ya taɓa. Ranar da baƙo ya shigo gari da dare yana neman asibitin a waya, shi zai biya kuɗin kasalarka.

Na san uzurin da ake bayarwa. Wai aikin sa kai ne, ba lokaci. Wanda ya yi awa biyu yana zana layuka ba zai rasa rabin minti na jimla ɗaya ba. Wai Turanci ne matsala. Babu dokar da ta hana Hausa, jimlar Hausa mai ma'ana ta fi Turancin da bai ce komai ba. Wasu kuma alamar aikin gayya kawai suke bari, wadda manhaja ke cikawa da kanta. Wannan ta faɗi ayarin da kake ciki, ba ta faɗi kayan da ka ɗauko ba.

Ku kuma sani, da zarar dami ya rufe, bayanin ba ya gyaruwa. Sai dai wani ya tambaye ka a ƙarƙashinsa, idan ka yi kunnen uwar shegu ana iya warware aikin gaba ɗaya.

Saboda haka kafin ka tura, amsa tambaya uku: me ka sauya, a ina, daga ina ka sani? Kada kuma ka haɗa gyaran Ibadan da na Legas a dami ɗaya. Allah Ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya