Kafin ka rabu da tsohuwar kwamfutarka, karanta wannan

1/ Jama'a, yau zan yi magana kan abin da ya ci min rai. Duk mai shirin sauya kwamfuta, musamman masu shagon buga takardu a Faskari, Kankara da Sabuwa, ku ɗan tsaya. Ra'ayina: kwashe kaya daga tsohuwa zuwa sabuwa aikin mai ita ne, kar a bar wa mai gyara shi kaɗai.

2/ Yayana na da ɗan shago, yana buga takardu da sikanin. Mutanen Tafoki da ƙauyukan kewaye wurinsa suke zuwa. Tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ta kai shekara goma, sai ka yi ta jira kafin ta farka. Ya tara kuɗi ya sayo laftof ta hannu a Kano.

3/ Ya miƙa wa wani mai gyara duka biyun, ya ce a juye masa kayansa. Mai gyara ya kwafi foldar Documents, ya ce an gama. Tsohuwar aka yi mata fomat aka sayar a satin.

4/ Bayan wata biyu wani yaro ya zo. Sun bar ƙauyensu cikin dare saboda ɓarayin daji, daga su sai kayan jikinsu. Ya ce, "Yaya, ai ka taɓa yi min sikanin takardar firamare da ta haihuwa, a fitar min." Yayana ya buɗe laftof, babu.

5/ Ashe duk sikanin shekara da shekaru a ɓangaren D na faifan yake ajiye su, mai gyara ko leƙawa bai yi ba. Wallahi ranar yayana ko tuwo bai iya ci ba. Yaron bai yi faɗa ba, "ba komai" kawai ya ce ya tafi. Wannan ba komai ɗin ta fi zagi zafi.

6/ Ni ban ga laifin mai gyara sosai ba. Bai san shagon ba, bai san inda ake zuba me ba. Mai kwamfuta ne ya san kayansa na warwatse a Desktop, Downloads, ɓangaren D, da wata folda mai suna "sabo sabo 2". Kai ma kana da irinta, kar ka musa.

7/ Na san wani zai ce, "Malam, ka ɗora a Google Drive mana, an wuce zamanin filash." To, ɗan birni, ka tuna Satumbar 2021? Lokacin Gwamna Masari aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari, Sabuwa, Kankara da Funtuwa.

8/ Wata da watanni ko kira ba ka iya yi, balle ka sauko da fayil. Wanda takardunsa ke intanet kaɗai, a lokacin daidai yake da wanda ba shi da su. Ban ce kar a ɗora ba, a ɗora. Amma kyautar Google 15GB ce, kuma Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp ta Android duk daga ciki suke ci.

9/ Abin da nake ganin ya dace da mu: faifan ajiya na waje mai igiyar USB. Ka zauna da kanka ka bi folda ɗaya bayan ɗaya ka kwafa. In ka gama, danna dama a kan foldar ka duba adadin fayil da nauyinsu a can da nan. In ba su yi daidai ba, akwai abin da ya maƙale.

10/ A kula da filash ɗin bakin titi mai rubutun 1TB a kuɗin katin waya. Da yawansu ƙarya suke nunawa. Zai karɓi kaya kamar gaske, ranar da ka buɗe ka tarar fayilolin sun lalace.

11/ Manhajoji ba sa kwafuwa haka, sai an sake sa su a sabuwa. Kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka shekaru kuwa, tabbatar ka san su ko suna cikin asusunka kafin ka rabu da tsohuwar.

12/ Sai abin da ya fi damuna. Fomat na gaggawa ba ya goge kaya, sunayensu kawai yake cirewa daga lissafi. Akwai manhajojin kyauta da ke dawo da su. Wato wanda ya sayi kwamfutar yayana zai iya tono takardun NIN, hotunan fasfo da lambobin wayar mutane ɗaruruwa.

13/ A yankin da ake kiran mutum a waya a ce ya kawo kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane amana suka ba ka lokacin da suka miƙo takarda, ba su ce ka haɗa da ita ka sayar ba.

14/ Shi ya sa na ce: cire faifan ciki kafin ka sayar. Sukurori kaɗan ne. Saya masa gida mai USB, ya zama ajiyarka ta biyu. Mai saye ya sa nasa. In ya rage kuɗi, ya rage.

15/ Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Sauyin nan zai zo kan shaguna da yawa. In sabuwarka ta zo da BitLocker a kunne, rubuta lambar buɗewa mai lamba 48 a takarda ka adana.

16/ Yaron nan har yanzu yana zirga-zirgar neman wata takardar. Yayana ne ke biya masa kuɗin mota.